Injin motarka yana tik-tik? Abin da ya kamata ka sani kafin a kwance shi

Mota mai ƙarfi irin su Mercedes C63 AMG, BMW M3, Dodge Charger, Ford Mustang ko Golf GTI ba ta yin shiru ko da lafiyarta lau. Amma wata rana za ka tayar da ita ka ji wata siririyar ƙara daga ƙarƙashin bonet, tik-tik-tik, wadda kunnenka bai saba da ita ba. A nan masu mota sukan kasu gida biyu. Wani zai ƙure rediyo ya ci gaba da tafiya har inji ya buga. Wani kuma hankalinsa zai tashi, ya ruga gareji, a kwance masa inji a kan zato, ya kashe kuɗi masu yawa, ya dawo gida ƙarar tana nan daram. Duka biyun ana iya kauce musu, domin ƙarar da kanta tana nuna tushenta idan ka lura da abu uku: daga ina take fitowa, yaushe take zuwa, kuma da wane sauri take bugawa.

Me ke motsi a cikin inji da har zai yi ƙara?

Ka raba inji biyu a ranka, sama da ƙasa. A ƙasa akwai fistin, wato dunƙulen ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin wani rami mai santsi da ake kira silinda. Fetur da iska suna ƙonewa a kansa, ƙarfin ƙunar ya tura shi ƙasa. Wani sandan ƙarfe mai suna konrod shi ke haɗa fistin da kiranshaf, babban ƙarfen da ke juyawa ya aika ƙarfi zuwa giya da tayoyi. Tsakanin konrod da kiranshaf akwai wasu siraran ƙarafa biyu masu lanƙwasa, kanikawa suna ce musu metal. A ƙa'ida metal ba ya gogar kiranshaf. Baƙin mai ne ke shiga tsakaninsu, a wata 'yar tazara da ba ta kai kaurin gashin kai ba.

A sama kuma akwai bawul, wato ƙananan murafan da ke buɗewa iska ta shiga, hayaƙi ya fita. Abin da ke tura su shi ne kamshaf, sanda ce mai tozaye a jikinta, duk lokacin da tozo ya zagayo sai ya danna bawul. Tsakanin tozon da bawul akwai tafet. A yawancin motocin zamani tafet yana cika da baƙin mai, man ne ke toshe duk wata tazara don kada ƙarfe ya doki ƙarfe. Idan man bai iso ba, ko tafet ya gaji, tazarar ta buɗe, sai ka ji tik.

Ka riƙe abu ɗaya daga nan, zai yi maka amfani a gaba: kiranshaf sai ya juya sau biyu kafin kamshaf ya juya sau ɗaya.

Me ya sa mota mai ƙarfi ta fi yawan wannan ƙara?

Saboda ana takura wa ƙarafanta fiye da na motar haya. Injin BMW M3 mai silinda takwas, wanda aka yi daga 2007 zuwa 2013, yana kaiwa juyi 8,400 a minti ɗaya. Honda S2000 ta farko, ta 1999, tana kaiwa 9,000. Motar gida ba kasafai take wuce 3,000 a tafiyar yau da kullum ba. Don bawul ya iya buɗewa ya rufe da irin wannan sauri, ana sa masa sifirin mai tauri da kamshaf mai dogon tozo, kuma duka biyun suna ƙara nauyi a kan tafet. Zafi ya fi yawa, musamman idan akwai turbo, wato na'urar da ke amfani da hayaƙin salansa ta cusa ƙarin iska cikin inji. A wasu injinan kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafa ta fi matsewa, don haka ɗan ƙarancin mai da wata motar za ta jure, wannan ba za ta yafe ba.

Ga kuma tarihin da ba ka gani ba. Yawancin waɗannan motoci da ke yawo a Abuja, Kano, Kaduna ko Yamai na hannu ne, sun riga sun yi rayuwa a Amurka ko Turai. Wanda ya sayi M3 sabuwa da wuya ya saye ta don zuwa kasuwa a hankali.

Wace ƙara ce ba ciwo ba?

Da yawa daga cikin tik-tik ɗin da ke hana mutane barci aikin inji ne kawai. Na farko nozul, wato bakin da ke fesa fetur. A cikinsa akwai ɗan ƙarfe da lantarki ke ɗagawa ya saki, kuma kowace ɗagawa tana da sauti. A tsofaffin injina nozul yana fesawa a bayan bawul da matsi kaɗan, kimanin bar 3 zuwa 4. Bar ma'aunin matsi ne. Tayar ƙaramar mota takan ɗauki bar 2 da ɗan ɗoriya. Sababbin injina kuwa suna fesa fetur kai tsaye cikin silinda da matsin bar 150 zuwa 200, wasu ma har 350. Irin wannan nozul da famfon da ke ba shi matsi suna da ƙara sosai, har wanda bai sani ba ya ɗauka injin dizal ne. Shi ya sa kamfanoni ke rufe saman injin da murfi mai soso. Idan an cire maka murfin nan wajen sabis ba a mayar ba, za ka rantse sabuwar matsala ce ta ɓullo. Ƙarar nozul tana da tsari, siririya ce, ba ta canzawa yau da gobe.

Akwai kuma wani ɗan bawul na lantarki da ke sakin tururin fetur daga tanki zuwa inji. Shi yakan yi ta tik-tik na ɗan lokaci, ya tsaya, ya sake farawa. Idan ka ɗora yatsa a kansa za ka ji bugun a hannunka. Haka nan ƙas-ƙas ɗin da kake ji bayan ka kashe mota, salansa ce take hucewa, ba komai.

Masu Mustang mai injin lita 5.0, wanda ya fito tun 2011, sun san wata ƙara marar tsari da suke kwatantawa da bugun tafireta, wadda takan fito bayan an yi juyen baƙin mai. Kamfanin Ford ya sanar da dilolinsa cewa ɗabi'ar injin ce, ba ta buƙatar gyara. Ba duk masu motar ne suka gamsu da wannan amsa ba, amma ya isa ya nuna maka cewa kafin ka yarda a taɓa injinka, ya kamata ka bincika ko irin motarka an san ta da wata ƙara ta gado.

Me zan fara dubawa?

Baƙin mai, kafin komai. Ka ajiye motar a wuri mai daidai, ka kashe ta, ka jira minti 5 zuwa 10 man ya koma ƙasa. Ka zaro geji, wato siririn ƙarfen awon mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Man ya kamata ya tsaya tsakanin alamomi biyun da ke jikinsa. Wasu motocin BMW, Audi da Porsche ba su da geji, a allon gaban direba ake duba man, kuma galibi sai inji ya yi zafi yake nunawa.

Saman inji shi ya fi nisa daga famfon mai, don haka idan mai ya ragu tafet ne ke fara kuka. Injina masu ƙarfi da yawa suna shan mai kaɗan-kaɗan ko da ba su da yoyo, saboda haka kada ka ce ai bai daɗe da juye ba. Mai da ya yi yawa ma matsala ne: kiranshaf zai riƙa kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe tafet.

Ka shinshina man. Idan yana warin fetur sosai kuma ya tsinke, fetur yana zurarewa cikinsa, abin da ke yawan faruwa ga motar da ke gajerun tafiye-tafiye ko take daɗewa a kunne a tsaye. Ka kai shi hasken rana. Idan ka ga yana ƙyalli da ƙananan ɓurɓushin ƙarfe, kada ka sake tayar da motar.

Kada kuma ka dogara da jar fitilar nan mai hoton butar mai. Ita ba ta kamawa sai matsin mai ya faɗi ƙasa ƙwarai. Rashin kamawarta ba shaidar lafiya ba ce, kamawarta kuwa umarni ne ka kashe inji nan take, ko a tsakiyar hanya kake, da zarar ka samu gefen da za ka raɓe.

Yaya zan saurara?

Ka fara da safe, lokacin da motar ta kwana ba a taɓa ta ba. Ka buɗe bonet, ka sa wani ya tayar, kai kana tsaye da waya kana ɗaukar sauti. Ka lura ko ƙarar ta zo tun daƙiƙar farko, ko ta ɓata bayan ɗan lokaci, ko kuwa sai inji ya yi zafi take fitowa. Ka sake ɗauka bayan tafiyar minti 20. Wannan ɗaukar tana da daraja, domin sau da yawa mota takan yi shiru da zarar an isa gaban bakanike.

Sannan sauri. A ce motarka tana silo, wato tana aiki a tsaye ba ka taka totur ba, kuma agogon juyi yana nuna 720 a minti. Kiranshaf yana juyi 12 ke nan a daƙiƙa, kamshaf yana 6. Idan ƙarar tana zuwa kamar sau 6 a daƙiƙa, wadda kunne zai iya bi, zargi ya fi karkata ga tafet ɗaya, nozul ɗaya, ko yoyon hayaƙi daga silinda ɗaya. Idan ta ninka haka, a duba abin da ke juyi tare da kiranshaf. Wannan alama ce, ba hukunci ba, domin metal da ya lalace ma yakan fi bugawa lokacin da silindarsa ta ƙone fetur. Idan kuwa ka taka totur ƙarar ba ta bi saurin inji ba, wataƙila ba daga cikinsa take ba; a nemi gwangwanin kare zafi da ya saki ko wata waya da ke taɓa fanka.

Wurin da take fitowa kuma ana gano shi da dogon sukudireba. Ka ɗora bakinsa a kan murfin saman inji, ka manna kunnenka a mariƙin. Ka matsa daga silinda zuwa silinda, ka gwada jikin nozul, ka gwada gefen inji daga ƙasa. Inda ƙarar ta fi kaifi, nan ne kusa da tushenta. Akwai abin sauraro irin na likita da aka yi don kanikawa, ba shi da tsada, ya fi sukudireba. Sai dai ka yi hattara: ka cire babbar riga, ka naɗe hannun taguwa, ka nisanci fanbel da fanka, domin fankar lantarki tana iya tashi ba sanarwa. Bututun fetur na ƙarfe da ke saman sabon inji kuwa kada ka kuskura ka sassauta shi, matsin da ke ciki yana iya huda fata.

Idan daga sama take fa?

Tafet mai amfani da mai yakan yi tik-tik na 'yan daƙiƙu da safe, musamman lokacin hunturu ko idan mota ta yi kwanaki a ajiye, domin man cikinsa ya tsiyaye. Idan ya yi shiru da zarar mai ya hau, ba abin tashin hankali ba ne. Wanda ke ci gaba bayan inji ya yi zafi, shi ne abin bi. Wani lokaci datti ne ya toshe 'yar hudar da mai ke shiga, kuma juye da man kirki da sabuwar filta yakan warware shi. Wani lokaci tafet ɗin ya mutu, sai canji.

Inda abin yake da haɗari shi ne idan tafet ya fara cin kamshaf. Injinan Hemi na Dodge, Chrysler, Jeep da Ram sun yi suna a kan wannan. Tafet ɗinsu yana da 'yar taya a ƙasa da ke gungurawa a kan tozo. Idan tayar ta cije, sai ta koma kankare tozon, garin ƙarfe ya bi mai ya zagaye inji duka. Alamarsa tik-tik da ba ya tafiya, daga baya inji ya fara rawa, fitilar inji ta kama. Kanikawa da yawa suna danganta wannan da barin mota a kunne a tsaye na tsawon lokaci, abin da mu nan muke yi kullum saboda sanyin AC. Injin Mercedes mai lita 6.2 da ke cikin C63 AMG ta 2008 da 'yan uwanta shi ma an san shi da cinyewar kamshaf da tafet. Golf GTI ta ƙarni na biyar kuma tana da wani ɗan kofin ƙarfe tsakanin kamshaf da famfon fetur. Kofin ba shi da tsada, amma idan ya huje yakan tafi da kamshaf da famfon gaba ɗaya.

Wasu injinan, kamar na Honda S2000, tafet ɗinsu ba ya amfani da mai, da hannu ake saita tazarar lokaci-lokaci. Irin waɗannan ɗan tik-tik kaɗan ɗabi'arsu ce. A gaskiya shirun da ya yi yawa ya fi ban tsoro a wurinsu, domin bawul da aka matse ba ya rufewa sosai, kuma yana iya ƙonewa.

Kada a manta da fulogi. Idan bai ɗauru ba, iska tana fita ta gefensa da sauti mai kama da na tafet. Dubawar minti kaɗan ce.

Ƙarar da ke ɓata idan inji ya yi zafi, daga ina take?

Mafi yawa daga manifol, wato bututun farko da ke karɓar hayaƙi daga jikin inji ya miƙa wa salansa. Idan gasket ɗinsa ya ƙone, ko noti ya karye, ko ƙarfen ya tsage, hayaƙi zai riƙa tsartuwa ta wurin, fit-fit-fit, har ka ɗauka ƙarfe ne ke bugawa. Da zafi ya kama, ƙarfe ya kumbura, tazarar ta rufe, sai shiru. Ka haska wurin da tocila ka nemi baƙin tabon hayaƙi ko kan noti da ya ɓace. Injinan Hemi ma suna da wannan ciwon, musamman a motocin Ram, shi ya sa ake yawan rikita shi da matsalar tafet. Bambancin kuɗin gyaran biyun kuwa mai yawa ne. Yoyon manifol ba ya kashe inji nan take, amma hayaƙin yana ɗauke da iskar guba marar wari da za ta iya shiga cikin mota, don haka ba abin a bari ba ne.

Na biyu fistin da ke ɗan kaɗawa a cikin silinda kafin ya yi zafi. Sautinsa ya ɗan fi na tafet zurfi, yana fitowa daga tsakiyar inji. Injinan da aka ƙara wa ƙarfi da fistin na musamman sukan yi haka, domin irin wannan fistin yana kumbura sosai, dole a bar masa wuri. Idan ya ɓata cikin 'yan mintuna, ana zama da shi. Idan bai ɓata ba, mota kuma tana shan mai, a leƙa cikin silinda da 'yar kyamara ta ramin fulogi. Wasu motocin Porsche 911 da Cayman na kafin 2009 an san su da karcewar bangon silinda, kuma alamarta tik-tik ne tare da bakin salansa ɗaya da ya fi ɗayan baƙi.

Na uku sarƙar da ke haɗa kiranshaf da kamshaf, wadda ake kira taimin cen. Ita ƙararta kwarararam ce ta daƙiƙa biyu ko uku da an tayar da inji. Idan lokacin yana ƙara tsawo, sarƙar ta miƙe ko abin da ke ɗame ta ya gaji. Kada a jira, domin idan ta tsallake haƙori fistin zai iya dukan bawul.

Wadda nake ji sai na taka totur ko ina hawan tudu fa?

Idan sautin kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani ne, kuma ba ka jin shi a silo, sai ka ɗora wa mota nauyi, to ba ƙarfe ne ke dukan ƙarfe ba. Fetur ne ke fashewa ba bisa tsari ba a cikin silinda. Kowane fetur yana da lambar oktan, wato ma'aunin yadda yake jure matsi da zafi kafin ya kama da kansa. Motoci masu ƙarfi na Turai galibi suna neman 95 ko 98, kuma ana rubuta lambar a cikin murfin tanki. Gidajen manmu kuwa yawanci fetur iri ɗaya suke sayarwa, ba ka da zaɓi. Ka haɗa wannan da zafin watan Afrilu da AC a kunne, ka ga inda matsalar take.

Inji yana da na'urar da ke jin wannan fashewa, kwamfutar mota kuma ta rage ƙarfi don kare shi. Amma kariyar tana da iyaka. Idan har kunnenka ya ji, an wuce iyakar. Ka ɗaga ƙafa, ka sauka giya, ka sa a duba fulogi, lagireto da na'urar jin fashewar. Ra'ayina a nan a fili yake: wanda ya sa aka taɓa kwamfutar motarsa don ƙarin gudu da saitin da aka yi don fetur mai lamba 98, alhali ba shi da tabbacin abin da ke tankinsa, yana wasa da fistin ɗinsa.

Wace ƙara ce ta a kashe mota nan take?

Ta metal. Tana iya farawa a hankali, amma ba siririya ba ce, tana da nauyi, ƙwal-ƙwal daga ƙasan inji. Takan ƙaru idan mai ya yi zafi ya tsinke, takan fito fili idan ka ɗan taka totur ka saki, kuma sau da yawa matsin mai yana faɗuwa tare da ita. Ma'anarta man da ke tsakanin metal da kiranshaf ya gaza, ƙarfe yana dukan ƙarfe. Daga nan zuwa konrod ya karye ya fasa jikin inji, tafiyar ba ta da nisa. Kada ka ce bari in lallaɓa zuwa gareji. Kuɗin janwe ba ya kusa da kuɗin sabon inji.

Injin M3 da aka ambata a sama, da na BMW M5 mai silinda goma na 2005 zuwa 2010, sun shahara da cinyewar metal, har masu su da yawa suna canza shi tun bai yi ƙara ba. Ana iya yin aikin ta ƙasa ba tare da an sauke inji ba. Idan aka bari ya yi ƙara, galibi kiranshaf ya riga ya ji ciwo.

Ba zan zuba mai mai kauri in huta ba?

Wannan shawara za ka ji ta a kusan kowane gareji: ƙasarmu da zafi, a zuba 20W-50. Lambar farko mai W tana nuna yadda mai ke gudu da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa a digiri 100. Abin da ake mantawa shi ne inji mai lafiya yana riƙe zafinsa kusan wuri ɗaya, ko a Jamus yake ko a Sakkwato, lagireto ne ke ɗaukar bambancin. An ƙera hanyoyin man da tazarar metal don wani kauri na musamman. Mai da ya wuce kima a kauri yana jinkirin isa sama da safe, lokacin da aka fi buƙatarsa. Wani injin 5W-20 yake so, wani 0W-40, M3 ɗin can kuwa 10W-60 kamfaninta ya rubuta mata. Littafin motarka ne alƙali.

Mai mai kauri da magungunan gwangwani da ake zubawa suna iya rage sautin, amma ƙarfen da ya cinye ba ya dawowa. Abin da ka yi kawai shi ne ka toshe bakin mai ba ka labari. Abin da ya fi amfani shi ne ka sayi mai daga inda ka amince, domin jabu ya yi yawa a kasuwa, kuma ka rage tsawon lokacin juye. Ƙura, zafi da cunkoso duk suna cikin abin da littattafan mota ke kira aiki mai tsanani, wanda ke neman juye da wuri.

Me zan nema wurin bakanike, kuma nawa zan kashe?

Ka nemi gwaji kafin sifana. A saka wa motar kwamfuta a ga ko wata silinda tana fashin aiki. A ɗaura ma'aunin matsin mai na gaske, a karanta shi da sanyi da kuma bayan inji ya yi zafi, a gwada da lambar da kamfani ya bayar. A cire fanbel a tayar da inji na ƙasa da minti ɗaya yana sanyi. Idan ƙarar ta ɓata, altaneta ce ko fuli ko famfon ruwa, injinka lafiya lau. A kashe silinda ɗaya bayan ɗaya. Idan bugu mai nauyi ya ragu da aka kashe wata, an gano inda ciwon yake. A yanka tsohuwar filta a buɗe takardar cikinta a nemi ƙarfe. Duk wannan aikin yini ɗaya ne ko ƙasa da haka. Bakaniken da ya saurari inji na daƙiƙa goma ya ce sai an sauke, ka yi masa godiya, ka nemi ra'ayi na biyu.

Farashi yana bin dala, don haka lambar yau ba ta gobe ba ce, amma jerin nauyin ba ya canzawa. Ɗaure fulogi da ƙara mai su ne mafi sauƙi. Juye yana biye, kodayake injin silinda takwas yakan sha lita 7 zuwa 9 ko fiye na mai mai tsada. Gasket ɗin manifol ba shi da tsada, wahalar tana wajen ciro notin da ya karye a ciki. Tafet da kamshaf babban aiki ne; a injin Hemi sai an cire kan inji gaba ɗaya kafin a kai ga tafet. Taimin cen ma haka, musamman a injinan da sarƙar take ta baya. Inji da ya buga shi ne ƙarshe, kuma na irin waɗannan motoci ba kullum ake samunsa a Ƙofar Ruwa, Panteka ko Apo ba, sau da yawa sai an yi oda daga waje an jira.

Ina shirin sayen irin wannan mota, me zan yi?

Ka je da sassafe, ka ce kada a tayar kafin ka iso. Ka taɓa jikin injin da bayan hannunka ka tabbatar da sanyinsa, domin inji da aka ɗumama yana ɓoye ƙarar tafet, manifol, fistin da sarƙa duka. Ka zaro geji ka ga ko man ya yi kauri fiye da kima. Ka saurara da sanyi, ka yi tafiya har motar ta yi zafi sosai, ka sake saurara a silo tare da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba. Idan mai motar ya ƙi a tayar da ita da sanyi, ko ya hana a ɗaura mata ma'aunin matsin mai, ka bar masa motarsa.